Kar Ka Tsaya wa Shafin Nan Don Ni

Dakoro, Laraba da la'asar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa gare ka, ɗan Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin kar, babbar motar fasinja, kana gyangyaɗi, ko ka riga ka sauka Yamai kana neman inda za ka ajiye kaya. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da abokan zama nagari a jami'a.

Za ka tarar da ita a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin kilishi. Da gangan na sa ta can, don na san ka: littafi kana iya mantawa da shi mako guda, kilishi kuwa ba zai kwana ba ka kwance shi ba. Ina rubutawa ne yanzu da ka tafi ƙauyen Mai Yara yi wa kawunnanka sallama. Da baki na so in faɗa maka, amma tun ranar da muka yi cacar baki kan shafin kolej, kana gaishe ni kana kallon ƙasa, ni ma ina amsawa ina kallon tukunya. Babanka ya ce ya gaji da zama tsakanin masu taurin kai biyu, gara ya koma rumbun hatsinsa, can aƙalla buhu ba ya fushi da kowa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Magana guda ce. Kana cikin masu rubutu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya buɗewa ya karanta da Hausa. Ni na matsa maka ka buɗe wa kolej ɗin ƙauyenmu shafi a ciki, makarantar da na koyar a cikinta har na ajiye alli, kai ma a nan ka yi karatu. Yanzu wata 'yar Damagaram cikin abokan aikinku ta ce shafin bai cika sharaɗi ba, domin babu wani na waje da ya taɓa rubuta wani abin kirki a kan makarantar. An buɗe tattaunawa ko a bar shi ko a goge, kuma ana jiran ta bakinka, tunda kai ka buɗe shi kuma suna jin maganarka. Ni kuwa na ce maka in ka bari aka goge, ka ci amanar allon da ka koyi karatu a kansa. Na janye wannan magana. Ban janye ta don ka tafi da sanyin zuciya kawai ba, na janye ta ne don ba daidai ba ce, kuma zan faɗa maka yadda na gane haka.

Kuskurena na farko a gabanka na yi shi. Ka tuna ranar da na zaunar da kai gindin dogon yaro da salularka, ina faɗa kana rubutawa? Na ce ka sa cewa ita ce makarantar da ta fi kowace albarka a jihar Maraɗi. Ka ɗago kai ka ce, "Madam, wa ya ce?" Har yau Madam kake ce mini kamar sauran 'yan aji, tunda a hannun kakarka Inna ka tashi, Allah ya jiƙan ta, ni kuwa sai a aji ka fara ganina sosai. Na ce, "Ni na ce. Akwai wanda ya hi ni saninta?" Ka rubuta rabin abin da na faɗa, ka bar rabi, kana tsammanin ban lura ba. Gaskiya ne babu wanda ya fi ni saninta. Na san wace rumfa ce ke yoyo, na san yaron da ke zuwa bai karya ba. Amma babu wanda ya fi ni sonta kuma, shi ya sa bakina ba ya auna ta daidai. Duk inda ka je, in ka ji kanka kana cewa ai ni na fi kowa sani, ka tsaya ka tambayi kanka ko kai ne kuma ka fi kowa so.

Da ka ce mini ana neman shaida, sai na ɗaura ɗamara. A tunanina shaida ai mutane ne masu mutunci da suka san abu. Na hau motar kasuwa na tafi ƙauye, na bi su gida gida da salula ina ɗaukar muryoyinsu. Na fara da maigari. Ya gyara zama ya ce, "To Madam, mi kike so in ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya za ka hwaɗi. Ka ce lekol ɗin ga ba ta da ta biyu, ta hidda ɗiyanmu daga duhu." Haka ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Na je wurin liman, na je wurin Mushe Abdu, wato Malam Abdu, tsohon diraktan makarantarmu. Ɗan Ladi maroƙi ma, da ba wanda ya kira shi, ya ji labari ya biyo ni yana wasa kolej har da kakannin waɗanda suka kafa rumfar farko, sai da na sallame shi ya rabu da ni. Na dawo Dakoro ina tafiya kamar wadda ta ci kasuwa, na miƙa maka salular. Ka saurara har ƙarshe, ka ce, "Madam, waɗanga duka namu ne. Ɗiyansu na ciki."

Ban haƙura ba. Na ce to tunda abin da aka watsa ake so, bari in watsa. Na rubuta yabon makarantar shafi guda na kai gidan rediyo, aka karanta shi tsakanin cigiyar wani raƙumi da sanarwar suna. Na ce maka ga shi, duk Dakoro ta ji. Ka ce, "Wa ya rubuta abin da anka karanta?" Na ce ni. Ka ce, "Wa ya biya?" Daga nan ne na tashi na yi maka maganar cin amana, don na rasa amsa, kuma mai koyarwa ba ta saba rasa amsa a gaban ɗalibinta ba.

Shekaranjiya ina tsince wake a tsakar gida, na kunna muryoyin nan don in ƙara wa fushina wuta. Sai na ji maigari ya ce ba ta da ta biyu, ta fid da ɗiyanmu daga duhu. Liman ya ce ba ta da ta biyu, ta fid da ɗiyanmu daga duhu. Mushe Abdu, mutumin da ba ya yarda da kowa ko kan lokacin buga ƙararrawa, shi ma haka. Na ajiye faifan waken na yi ta dariya ni kaɗai har ƙanwarka ta leƙo ta ga ko lafiya. Ashe muryata na je na tattaro a bakin dattawa na kawo maka. Ba ƙarya suka yi ba, suna son makarantar da gaske, amma ni na sa musu kalmomin. In ka tara shaidu nan gaba, kan kowane irin aiki, ka duba ko mutane da yawa ne ke magana, ko mutum guda ne ya ari bakuna.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na san wannan ƙa'ida tun kafin a haife ka. A jarrabawar birebe, wadda ake yi a ƙarshen kolej, ba a barin malami ya tsare ɗalibansa, ba a barinsa ya duba takardunsu. Ni an sha tura ni Bader Goula in tsare yaran da ban taɓa gani ba, wasu malaman kuma su zo su tsare nawa. Kusurwar takardar da sunan yaro yake, naɗe ta ake yi a liƙe, don mai dubawa kar ya san ɗan wa yake ba maki. Ban taɓa jin wannan cin mutunci ne a gare ni ba. Har alfahari nake yi da shi, don in yarana suka ci, ba mai cewa Madam ce ta ɗaga musu. Ka ga abin da kuke yi a kundinku shi ne abin da na yi ta kare wa duk rayuwata, sai da ya biyo ta kan abin da nake so na ce zalunci ne.

Yanzu ga babban. Kai ma kana wurin, kana aji na biyu, na gan ka kana leƙe ta ɓular zana, don haka ba sabon labari zan ba ka ba, sai dai ban taɓa haɗa shi da maganar nan ba sai yanzu. Shekarar da iskar farkon damina ta yaye mana rumfuna, muka koma karatu rabi a inuwa rabi a rana, wata mata ta zo a kan moto daga Maraɗi, da jaka a kafaɗa da na'urar ɗaukar magana. Ta ce 'yar jarida ce. Ta ji labarin abin da ƙauyenmu ke yi, cewa kowane gida yana ɗaukar yaro guda daga rugage da ƙananan ƙauyukan da ba su da kolej, ya ci da su ya kwana da su har ya gama karatu, ba a karɓar ko zangarniyar gero daga iyayensa. Ta ce ba ta taɓa jin garin da ya ɗauki wannan a matsayin dokar kansa ba, tana so ta rubuta. Diraktan ba ya nan, ni ce babba. Na dubi zanannun da suka zube, na dubi yara zaune kan bulo da buhunan siminti, na ji kunya ta rufe ni har wuya. Na tare ta a bakin shiga, wurin da ko ƙofa babu sai itace biyu.

Ta ce, "Madam, ba ɓata ku na zo yi ba. Abin da kuke yi na zo gani."

Na ce, "Ɗiyata, ba mu tona asirin garinmu ga baƙo. Ki tahi, in anka gina muna azuzuwa ki komo, mu yi miki shimhiɗa."

Ta roƙe ni ta yi magana da yara biyu kawai. Na ƙi. Na sa aka kawo mata fura don kar a ce mun yi rowa, ta sha ta hau motonta ta tafi. Da yamma dattawa suka yi ta sa mini albarka, wai na rufa wa gari asiri. Azuzuwan ba a gina su ba har yau, ita kuma ba ta dawo ba, ko sunanta ban tambaya ba. To ka ga, da 'yar Damagaram ta ce babu wani na waje da ya rubuta komai a kan makarantarmu, gaskiya ta faɗa, kuma na san dalili, don ni na kori mai rubutawar da hannuna, da ƙwaryar fura.

Ba na cewa rufin asiri banza ne. Akwai abin da ba a fitarwa, kuma na san na koya maka wannan. Amma yagaggiyar zana ba asiri ba ce, kowa ya wuce ta hanya yana ganinta. Abin da na ɓoye a ranar ba talaucinmu ba ne, alherinmu ne ya tafi tare da shi. A jami'a za a nemi ganin aikinka tun bai gama kyau ba. Ka nuna. Kar ka ce wa mai dubawa ya dawo in ka gyara, don mafi yawansu ba sa dawowa.

Akwai kuma wani kuskuren da yake kishiyar waɗannan, kuma shi nake jin tsoro ka gada daga gare ni. Kai ɗan fari ne, ka san al'adarmu: ba na kiran sunanka, ba na yabonka a gaban mutane, in ana maganarka sai in kama wani aiki. Da ka shigo ajina sai na kai abin inda al'ada ma ba ta kai shi ba. Ka ɗaga hannu, in kira na bayanka. Amsar da zan ba wani cikakken maki, kai sai in nemo inda zan rage, don kar a ce Madam ta fifita ɗanta. Har Inna ta zo makaranta da sandarta ta tsaya bakin rumfa ta ce, "Ke, kunya anka ce ki ji, ba a ce ki zalunce shi ba." A lokacin na ɗauka adalci nake yi. Ba adalci ba ne, sunana nake karewa da makinka. Don haka ka ji ni da kyau: kar ka je ka ce a goge shafin nan don kawai abokan aikinka su ce kai ba ka da son kai. Wannan ma son kai ne, ya sake riga kawai.

Ga abin da nake so ka yi, kuma a matsayin uwa nake faɗa, ba roƙo ba ne. Da farko ka gaya musu a fili cewa mahaifiyarka ta koyar a makarantar kuma kai ɗalibinta ne, don su san yadda za su auna maganarka. Sannan ka nema da gaske. Yanzu kana Yamai, inda ake ajiye tsofaffin jaridu da rahotanni, ka shiga ka tona kamar makarantar wani ce aka ba ka amana. Kai ka ce mini ganin sunan makaranta a jerin sunayen makarantu bai isa ba, don kowace tana ciki, sai an samu wanda ba ruwansa da mu ya tsaya ya yi magana a kanta ita kanta. To ka riƙe wannan ma'aunin, kar ka sassauta shi don ni, kar ka tsananta shi don ni. In ka samu, ka tsaya wa shafin da ƙarfinka, ka cire duk ƙawar da na sa ka zuba, ka bar abin da aka shaida. In ba ka samu ba, ka rubuta da hannunka cewa a goge, kar ka yi shiru ka bari wasu su yi maka. Zai yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na so in ga sunan makarantar nan a inda duniya ke dubawa, na sa rai wani mai hali zai gani ya zo ya gina mana ko aji guda. Amma ciwon nawa ne, ba naka ba ne ka ɗauka.

Ita kuma 'yar Damagaram, na kira ta da sunaye a gabanka waɗanda ba zan maimaita a takarda ba. Ka gaishe ta. Ka ce wata tsohuwar malama ta ce da a ajinta take, da ita za ta ba riƙon aji.

Kar ka ɗauka na zauna ke nan. Ka san ni. Da an gama girbi aka samu kara, iyaye za su sake kafa rumfuna kamar kowace shekara, ni kuma a lokacin zan shiga Maraɗi. Zan bi gidajen jarida da na rediyo, da malaman jami'ar da ke binciken karatun yaran karkara, in tambayi ko akwai wanda ya san wata mata da ta taɓa zuwa ƙauyenmu a kan moto aka ba ta fura aka kore ta. In na same ta zan ba ta haƙuri. In ban same ta ba, duk wanda ya yarda ya zo, zan nuna masa hanya. Ba zan biya kowa ba, ba zan rubuta wa kowa abin da zai karanta ba, kuma na yi wa kaina alkawari in sun iso zan koma gidan maigari in zauna, don in ina tsaye a wurin ba mai iya faɗin kalmar da ba tawa ba. Su ga zana, su ga bulo, su shiga gidajen da yaran rugage ke kwana, su tambayi yaran ko ana ba su abinci daidai da 'yan gida, don na san ba kowane gida ne ke cika alkawari ba. Abin da suka gani su rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Wataƙila su ce abin ya isa a sani, wataƙila su ce irinsa na da yawa. Ba ni zan yanke ba. In wata rana shafin ya dawo, ina so ya dawo da ƙafafunsa, kuma gara wani ya rubuta shi ba kai ba.

Makarantar kuwa, goge shafi ba ya goge ta. Ranar da aka koma karatu yara za su zo da bulonsu su zauna, ko kundi ya san da su ko bai sani ba.

Sauran nasiha ka sha jin ta, ba zan cika ka ba. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka zauna gaban salular nan, don ta fi ka juriyar yunwa. Ka kira babanka ranar Juma'a, ba zai ce yana jira ba, amma tun safe zai sa salularsa a aljihun gaba.

Saura abu guda. A kanka ba a karɓar shaidata, kuma daidai ne. Ni na haife ka, ni na koyar da kai, ba wanda ya kai ni zama na gida. Duk abin da za ka zama, wasu ne za su faɗa, mutanen da ba su san ni ba, kuma haka nake so. Amma takardar nan ba kundi ba ce, ba mai tambayata wa ya ce. Ranar da ka dube ni ka ce wa ya biya, na yi fushi, amma a ƙarƙashin fushin nan wani abu ya cika mini ƙirji, don na ga yaron da na yi ta rage wa maki ya tashi ba ya ƙara wa kowa, ko uwarsa. Na yi alfahari da kai a ranar, ina yi yanzu, kuma na daɗe ina yi ban faɗa ba.

Nasiru.

Ga shi na rubuta, tun da aka raɗa maka shi ban taɓa ba. Kar ka nuna wa babanka, zai yi ta tsokanata har kaka mai zuwa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya sa gaskiya ta yi maka sauƙi a baki ko a gaban wa kake, ya dawo mana da kai lafiya. Ƙannenka suna gaishe ka, babanka ya sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Mahaifiyarka, wadda kake ce wa Madam.